Shinkafar Marka

Duk wanda ya saba cin kasuwar Malanbil a zamanin da soja ke riƙe da ƙasa ya san wata tsohuwa da ke bin layin masu shinkafa ba ta sayen komai. Takan tsuguna gaban tabarma, ta ɗibi tsaba a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayi, ta kai hanci, ta ɗan gatsa ƙwaya ɗaya, sannan ta mayar ta kakkaɓe hannu ta yi gaba. 'Yan kasuwa suka sa mata suna Duwan, wato kwastan, wai ta fi ma'aikatan bakin gada bincike. Sunanta na gaskiya Marka, daga Tungar Giginya, wani ɗan ƙauye da ke bayan Garu, dab da gulbin Kwara. Masu dariya suna ta yin abinsu, tunda dariya ba saye ake ba, amma da wuya ka sami ɗaya a cikinsu da ya san abin da take nema.

A ƙetare aka haife ta, can wajen Gaya, a tsakiyar damina lokacin da ruwan sama ke wuni ya kwana, shi ya sa sunan ya bi ta. Ranar da aka kawo ta gidan mijinta Hamani a jirgin ruwa, tun ba a yi gada ba, cikin kayanta akwai wani gora da aka liƙe bakinsa da laka. Mahaifiyarta ce ta sa shi da hannunta. Irin shinkafa ne a ciki, ja, mai gajeriyar ƙwaya, wadda a danginsu ake kira Bi-ruwa. Tsohuwar ta ja mata kunne cewa iri ba a sayar da shi, ba a kuma sa shi a tukunya ko yunwa ta kai inda ta kai. Ta ƙara da cewa kada ta yarda ya daɗe bai ga ƙasa ba, domin irin shinkafa ba shi da dogon numfashi. In ya tsallake damina biyu ko uku a rufe, za ka gan shi lafiya lau a ido, alhali kuwa ya mutu.

Bi-ruwa shinkafa ce mai halin kanta. Da ruwan fari ya sauka Hamani zai kafce fadamarsa, Marka ta bi baya tana yafa iri. Ta tsiro ta yi kamar ciyawar banza, sai jan ruwa ya taso daga gulbi ya shiga fadama yana hawa a hankali. Wata shuka a nan take ban kwana da duniya. Ita kuwa in ruwa ya ƙaru kamu ɗaya sai ta miƙe kamu ɗaya, ya ƙara ta ƙara, har ka ga kanta yana lilo a bisa ruwan da zai shanye namiji a tsaye. A cikin jirgi ake girbinta. Hamani yana baya yana tura jirgin da gwangwala, Marka tana gaba tana jawo zangarniya tana yankewa da 'yar wuƙa, ɗansu Issufu yana tsakiya shinkafa ta rufe shi har ƙirji. In aka dafa ta, ƙamshinta kan tsallaka darni ya je ya tsayar da mai wucewa.

Issufu shi ne ɗan fari, kuma shi kaɗai Allah ya bar mata. Marka kuwa mace ce mai kara irin ta mutanen da. Ba ta taɓa ambatar sunansa ba, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta yabonsa ko a bayan idonsa. In za ta kira shi sai ta ce “kai”, in za ta yi maganarsa sai ta ce “yaron ga”. Wanda bai san al'ada ba sai ya ɗauka ba ta damu da shi ba. Amma abin da kunya ta hana baki, tukunya ce ke faɗa. Ranar da ya yi zazzaɓi, ko ya sha kashi wurin malam, za ka ga an ɗora 'yar tukunyar ƙasa daban, an dafa Bi-ruwa da man shanu da busasshen kifi, an tura masa gabansa ba tare da an dube shi ba.

Shekarar da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga ta Dahome, mutanen tunga suka ɗunguma Malanbil kallo. Aka yi kiɗa, aka yi tsalle, wani mai kwat ya hau tebur ya ce za a kawo hanya da rijiya da likita har ƙauyen da ba a san sunansa ba. Suka tafa masa har hannu ya yi zafi, suka komo gida da ƙafa suna cusa ta cikin taɓo. Ba a daɗe ba ciwon ciki ya kama Hamani a daidai lokacin da ruwa ya raba tunga da gari. Aka sa shi a jirgi, aka bi ta gulbi ana ja da igiyar ruwa, kafin a kai bakin gada rai ya yi halinsa. Don haka kada wani ya ce Marka ba ta son hanya. Ta fi mai kwat ɗin sanin amfaninta.

Noman tunga sau ɗaya ne a shekara, sauran watanni sai zaman kashe wando, saboda haka da an kai amfani gida samari kan saɓa jaka su nufi Kurmi, wato ƙasar Gana. Wata rana Issufu, wanda a lokacin gemu ya fara fito masa, ya zo ya tsuguna gefen uwarsa tana tsince shinkafa a faifai.

“Inna, ni ma za ni Kurmi in gani. In damana ta matso ina nan tahe.”

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, “Allah shi kiyaye hanya.”

Ya tashi ya fita, tana jin takunsa har ya ɓace, ta ci gaba da tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Damina ta zo, shi bai zo ba.

Shekaru suka yi ta turawa. A Kwatano soja ya ture farar hula, farar hula ya dawo, soja ya sake turewa, har mutanen tunga suka daina wahalar haddace sunaye. Kowace gwamnati ta hau sai ta aiko masu awo. Su zo su leƙa ta cikin wani ƙarfe mai ƙafa uku, su kafa turaku masu jan fenti, su sha fura su tafi. Awaki su yi susa da turakun, in an ga shiru mata su cire su hura wuta. Marka dai ba ta fasa shukarta ba. Wani masunci mai suna Ango, abokin marigayi, shi ke tura mata jirgi ranar girbi, ta ba shi dami. Kowace kaka takan ware zangarniyar da ta fi cika, ta shanya, ta murje da hannu, ta juye tsohon iri ta zuba sabo a gora da ɗan toka, ta liƙe.

Kewar ɗanta kuwa tana cinta a ciki, ba ta da wanda za ta faɗa wa, don uwa ba ta cewa tana marmarin ɗan fari. Shekarar da aka kori baƙi daga Gana, motoci suka riƙa sauke mutane a Malanbil da tabarmi da tukwane. Marka, wadda ba ta taɓa talla ba, sai ga ta da tiren gumi, wato turararriyar shinkafa, a bakin gada. In aka tambaye ta sai ta ce ciniki ya kawo ta, amma idonta yana kan kowace mota, har wani ya kwashi mudu bai biya ba ba ta sani ba. Samarin tunga suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Daga bakinsu ta ji cewa Issufu bai yi arewa ba, Ikko ya zarce, har ya yi aure a can. Ta ce Allah ya sa albarka, ta ɗauki tirenta ta koma gida.

Sai ga shekarun fari. Gulbi ya janye jiki, fadama ta tsage, yunwa ta shiga gidaje ba sallama. Mutane suka ci abin da ke rumbu, suka ci na shuka, suka koma haƙar muruci. Marka ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu, ga gora rataye a kan gadonta tana kallonsa yana kallonta, ba ta fasa lakar ba sai don shuka. Ta sami wani ɗan kwari da ruwa ke taruwa, ta yafa kaɗan, ta zauna gadi tana korar tsuntsu da bakin zane. Abin da ta samu bai cika ƙwarya ba, amma ya sabunta iri.

Bayan haka aka shiga zamanin juyin juya hali, aka canza wa ƙasa suna ta koma Binin, kowa ya zama kamarad, har liman. Masu awo suka dawo, mata suka fara murnar samun itace. Sai dai wannan karon bayan turaku katafila ce ta biyo. A ba gwamnati haƙƙinta, ranar nan ta cika alkawari. Aka tara ƙasa aka yi doguwar ganuwa tsakanin gulbi da fadama, aka shimfiɗa tsakuwa a bisanta ta zama hanya, mota tana zuwa har gindin giginyun tunga ko ana tsakiyar marka. Aka kafa injin famfo yana zuƙo ruwa daga gulbi yana zubawa cikin magudanan siminti. Aka baje fadama aka yanka ta fage-fage kamar an ja layi da wuƙa. Marka ta tsaya tana kallon motar farko da ta shigo, ta tuna jirgin da ya ɗauki Hamani, ta share ido da gefen mayafi.

Wanda aka naɗa shugaban ƙungiyar manoma shi ne Kadiri, ƙanen Hamani ta wajen uba, abokin wasan Marka tun tana amarya. Ya zo ya same ta tana daka.

“Kamarad matata, ana rabon hwage,” in ji shi, “amma sai gidan da ad da namiji mai ƙarhin aiki. Ni na yi miki tsuhwa. Ki aika ma ɗanki shi zo.”

“Wa ya ce maka ina biɗar shi?”

“Ba kowa. Taɓaryar ga ta dai nig ga tana dukan ƙasa ba turmi ba.”

Ta kore shi da muciya. Amma ranar kasuwa ta sami direban wata babbar mota da ke kai albasa Ikko, ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi lafiyar iyalinsa da lafiyar motarsa, daga ƙarshe ta ce, “In ka ishe wanga mutum na gidanmu, ka ce mai ana rabon gonar ubanai.”

Ba ta ce ya zo ba, amma Issufu ya ji abin da aka ce da wanda ba a ce ba. Kafin damina sai ga mota ta tsaya gindin giginya da hantsi, wani mutum mai furfura a gefen kai ya diro, da matarsa Safi, da 'yarsu ƙarama Bilki. Marka ta hango shi ta gane tafiyar Hamani.  Ta zagaya bayan rumbu ta yi kukanta ta ƙoshi, ta wanke fuska, ta fito kamar wadda ta je duba kaji. Ya tsuguna gabanta ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe, ta ce, “Kun sha hanya. A ba ku ruwa.” Sai ta sure Bilki ta ɗora a cinya, tunda jika ba ta da kunya a kanta, ta juye mata duk abin da ta tara wa uban. Ranar an ɗora 'yar tukunyar ƙasa.

Sabuwar shinkafar gwamnati gajera ce, fara, mai ladabi. Ana renon irinta a ɗan fage daban, in ta tasa a cire a dasa a kan igiya, layi-layi kamar 'yan makaranta. Sau biyu ake girbinta a shekara. Rumbuna suka cika, Issufu ya yi wa ɗakin uwarsa rufin kwano, aka buɗe makaranta a Garu aka sa Bilki. Samarin da suka watse suka riƙa komowa. Marka ta ga duk wannan, ta gode wa Allah, kuma da zuciya ɗaya ta gode. Illa dai fadamar Hamani yanzu tana cikin ganuwa. Jan ruwa yakan taso a lokacinsa kamar yadda ya saba, ya zo ya tsaya a bayan ganuwa kamar baƙon da ya yi sallama ba a amsa ba. Takan hau bisa ta tsaya tana kallonsa, ga gora a ɗaki yana jiran ƙasa.

A cikin ganuwa kuwa an kafa doka: ba a shuka jar shinkafa. Kadiri ya yi mata bayani, kuma ba sharri ya yi ba. Ja ba ta nuna tare da fara, in ta nuna kuma zubewa take yi, ƙwayarta ta kwanta a ƙasa ta fito baɗi, ta bi magudana ta shiga fagen maƙwabci. In ta gauraya da fara, masu saye su ƙi buhun gaba ɗaya. Duk wanda aka ga ja a fagensa bai cire ba, a karɓe fagen a ba wani, ga masu jira nan da yawa.

Ta roƙi Ango ya ba ta aron ɗan zirin ƙasa a bayan ganuwa, ta yafa rabin gora. Amma ruwan da a da yake bazuwa cikin fadama yana hawa sannu, yanzu ba shi da wurin bazuwa, sai ya taho gaba ɗaya. Bi-ruwa tana bin ruwan da ke tafiya ne, ba mai gudu ba. Ta nutse ko ganye ba a gani ba. Damina ta biyu Marka ta yi yawo har Madekali tana neman kwari, duk inda ta je ko an shuka albasa a gefensa ko shanu sun mai da shi mashaya. Shekara ta wuce iri bai ga ƙasa ba. Da hadarin damina ta uku ya fara haɗuwa, barci ya ƙaurace mata, don ta san lissafin mahaifiyarta.

Nan ne tsohuwa ta tafka kuskuren da har yau ake ba da labarinsa. Ranar da mutanen gida suka tafi suna Garu, ta fasa lakar gora, ta ƙulle iri a bakin zane, ta je fagen renon Issufu ta yafa shi cikin na gwamnati. A tunaninta shinkafa tana ƙarama duk kamarsu ɗaya, wa zai tsaya tantancewa? In an dasa ta girma a cikin 'yan'uwanta, ita kuma ta lallaɓa ta yanke kawunan kafin kowa ya farga. Ka ji fa. Matar da ta fi kowa sanin halin Bi-ruwa a duk faɗin kwarin nan, ita ce ta zaci za ta ɓoye ta a cikin gajeru. So ne ya rufe mata ido, ba rashin sani ba.

Ba duka ya tsiro ba, don iri ya tsufa, amma wanda ya tsiro ya ji takin zamani ya ji ruwa a gindinsa, sai ya fara miƙa wuya yana jiran ruwan da zai hau. Ruwan famfo bai wuce idon sawu ba, ita kuwa ba ta san haka ba, ta yi ta miƙewa. Kafin a jima ta tsere wa farar shinkafa, tana tsaye jefi-jefi a fagen Issufu kamar raƙuma cikin tumaki. Daga kan ganuwa makaho ne kawai ba zai gani ba. Masu wucewa a keke suka riƙa ɗaga murya, “Issufu, hwagenka ya yi gemu, a kira wanzami!” Marka tana jin kunya, amma gaskiya tana jin daɗi ma. Takan je da sunan kai fura, ta bi kan kunya ta shafa ganyen da bayan hannu.

Ranar da Kadiri ya zo gidan bai ce kamarad ba, bai ce matata ba. Ya zauna bakin tabarma ya ce ƙungiya ta zauna, an yanke cewa a cire ta kafin ta fid da kai, ko a karɓi fagen.

“Ku bar man ita ta kai iri,” in ji Marka. “Ni da kaina nika tsaron ta. Ƙwaya guda ba ta hwaɗuwa ƙasa.”

“Ke kin san ta hi ni, Marka. Iska kaɗai ya taɓa ta zuba takai. In na ƙyale ki, mi za ni ce ma mai hwagen da ag gabas da ku?”

Gaskiya ya faɗa. Da ya tafi Issufu ya matso ya tsuguna a inda ya taɓa tsugunawa ranar da zai tafi Kurmi.

“Inna, na gane ta tun ranar dashe. Gindinta ja na gani, na dasa ta da hannuna, ban ce komi ba. In kin ce a bar ta, a bar ta. Su amshe hwagen. Hanyar Ikko ba ta ɓace man ba, ina aiko muku da abin da ya samu.”

Ba da gatse ya faɗa ba, har zuciyarsa yake nufi, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Maganar da za ta ba shi tana nan a ranta: shekarun da ta yi tana jin takun kowa tana zaton nasa ne, tiren gumi a bakin gada, kukan bayan rumbu. Amma bakin da bai taɓa kiran sunansa ba, ba yau zai iya wannan ba. Ta ce, “Tashi ka ci tuwonka, shina hucewa.”

Washegari da rana ta fito ta ɗaure zane a ƙugu ta shiga fagen. Ta kama ta farko a gindi ta ja, ta fito da saiwarta da laka. Ta bi layi tana cirewa. Issufu ya hango ta ya sheƙo da gudu zai shiga, ta ɗaga masa hannu ba ta waiwayo ba.

“Ni nis sa ta. Ni ka hidda ta.”

Ya tsaya kan kunya hannu a sake. Masu keke suka taru a kan ganuwa, amma yau ba mai kiran wanzami. Kadiri ya zo ya duba, ya juya ya shiga gyaran wata magudanar da ba abin da ya same ta. Marka ta gama, ta naɗe dogayen karan kamar igiyar guga, ta ɗora a ka. Safi ta ce a kai wa awaki, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta hau ganuwa, ta sauka ɗaya gefen inda jan ruwa ke tsaye, ta kwance ta saka su a ciki. Suka ɗan yi yawo a bakin gaɓa, ruwa ya ja su ya yi gabas da su.

Saura ɗan abin da ya rage a gindin gora. Ta bi gidajen da ta taɓa ba iri a tunga, don al'ada ce wanda aka ba iri in mai shi ya rasa ya mayar masa. Kowa ya sunkuyar da kai, wasu sun ci a shekarun yunwa, wasu sun watsar da famfo ya zo. Ta ƙetare gada ta je garinsu, ta tarar da matar ƙanenta, wadda ta rantse mata cewa rabonsu da ganin Bi-ruwa tun farin nan. Ta dawo ta ɗibi 'yan ƙwayoyi ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ta ajiye gindin randa, tana buɗewa kullum da safe. Ba abin da ya fito sai warin ruma. Ta sake gwadawa, ta kuma sakewa, har ta yarda da abin da ta riga ta sani.

Irin da ya mutu ba iri ba ne kuma, abinci ne, saboda haka ba ta saɓa wa mahaifiyarta ba. Ta juye goran a ƙaramin turmi ta surfa da kanta, ta bakace, ta wanke. Ta ɗauko 'yar tukunyar ƙasa, ta nemi man shanu da busasshen kifi. Issufu ya dawo daga gona da azahar, ya sa ƙafa a ƙofar gida ya tsaya cak da fartanya a kafaɗa. Ya dubi tukunya, ya dubi goran da ke kife a gefen murhu, ya zauna. Ta tura masa akushi tana kallon wani wuri. Ya kai loma ɗaya tak, ya tauna. Ya miƙa wa Bilki, wadda ta dawo daga makaranta da yunwarta.

Yarinya ta cinye tas, ta suɗe yatsu, ta kankare gindin tukunya.

“Kaka, wagga ta hi ta kullum daɗi! Gobe ma ita za ki dahwa muna?”

Safi ta buɗe baki za ta tsawata mata, Marka ta girgiza kai. Ta jawo jikarta ta share mata man da ke haɓarta, ta ce, “Bari ranar kasuwa ta zo, in dubo miki.”

To, ka ji abin da Duwan ke nema a layin masu shinkafa. In ta ji an ce wasu fatake sun zo da ja daga sama da gulbi, nan za ta fara tsugunawa. Issufu ne ke kawo ta a bayan kekensa ta kan ganuwa, ya jingine keken gindin itacen bedi ya jira, duk daɗewar da za ta yi. In ta fito yakan ce, “An dace, Inna?” Ta ce, “Yau dai ba a dace ba.” Sai ta hau, ta ce hanyar gwamnati tsakuwa gare ta, mutum sai ya riƙe wani abu. Ta damƙe rigarsa da hannu biyu, ba ta saki sai sun kai gindin giginya.